Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarkin Damagaram Kan Tauye Awo da Damfara a Kasuwanninmu

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara masa lafiya da nisan kwana.

Bayan gaisuwa da ban girma irin na talakawa ga ubansu, mu da muka sa hannu a wannan takarda mun haɗa da ma'aunan hatsi na Kasuwar Dole, makanikan babura, masu haɗa sola, masu gyaran salula, masu rumfunan aika kuɗi, da iyayenmu mata masu awon yau da kullum daga Birni, Zango, Sabon Gari, Garin Malam da Kara-Kara. Kukan da muka kawo shi ne algus da ha'inci sun yi yawa a cinikin garin nan, kuma wanda aka cuta ba ya da wurin kai ƙara da ke kusa da shi. Kowannenmu ya faɗi abin da ya sani a cikin sana'arsa, don kada koken ya zama zargi na baka kawai.

Ranka ya daɗe, tushen maganar shi ne tiya. Abin da kowa ya tashi ya tarar shi ne tiyar hatsi tana kai kilo 2 da rabi, tiya 40 kuma ita ce buhu mai kilo 100. Yau babu tiya ɗaya a Damagaram. Akwai ta saye, akwai ta sayarwa. Ta saye an buɗa mata baki, an daki gindinta daga ciki ya faɗa ƙasa, da ita ake tarbar manomin da ya taho da hatsinsa daga wajen Mirya ko Tanut. A wurin awon kuma mai saye yakan kewaye bakin tiyar da hannunsa na hagu, hatsi ya taru a kan hannun ya yi tsororuwa, a juye duka a buhu a ƙirga ɗaya. Ta sayarwa kuwa an buga gindinta daga waje ya taso ciki, wata an rage mata baki da almakashin ƙarfe an sake naɗewa. Ido ba ya ganewa sai an jera su biyu an zuba hatsin wannan a cikin waccan.

A yi lissafi. In tiya ta kasa da giram 200 kacal, a tiya 40 an tauye kilo 8, wato fiye da tiya 3. Magidancin da ke auna tiya guda kullum ya yi asarar abincin fiye da kwana biyu a kowane wata bai sani ba, kuma tauyewar ta fi tsanani daga bazara zuwa tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya ƙare kowa ya koma kasuwa. Wanda ya fi shan wuya shi ne mai ƙaramin ƙarfi, don mai hali buhu yake saya.

Shi ma buhun bai tsira ba. Ana soka bututu a kusurwar buhun shinkafa mai kilo 25 ko 50 a zuƙe kilo ɗaya ko biyu, a murza saƙar ta rufe. Wasu farke ɗinkin suke yi su ɗiba su maida da keken hannu. Alamarsa ita ce layin huda biyu a bakin buhu, da zaren da bai yi kama da na sauran buhunan ba. A buhun wake da na hatsi ana sa mai kyau a sama, a cusa tsohon da ƙwari suka huda, ko mai tsakuwa da ƙaiƙayi, a tsakiya. Wannan shi ne ainihin abin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tarar lokacin da ya sa hannu cikin tsibin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Suratul Muɗaffifina kuma da kashedi ga masu tauye awo ta fara. Ba mu kawo wannan don mu tuna wa fada abin da ta fi mu sani ba, sai don a ga cewa abin da muke roƙo yana da tushe.

Muna so a lura da wani abu a nan, saboda adalci. Ƙaramin ma'aunin da ya sari buhu a matsayin tiya 40 ya tarar da 37 shi ma an cuce shi, kuma sau da yawa daga nan ne yake fara rage tasa tiyar don ya fitar da uwar kuɗinsa. In aka kama shi kaɗai aka bar wanda ya ba shi buhun, ba a yi komai ba. Dole binciken ya hau har zuwa manyan shaguna.

Sikeli ma haka. Mai allura ana murɗa shi ya fara daga giram 100 ko 200 kafin a ɗora komai, a juya fuskarsa nesa da mai saye. Gwajinsa ba wuya: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Man gyaɗa da ake sirkawa da man jarka, da zumar da ake dafa sukari a zuba mata, waɗannan kowace uwargida ta san su.

Makanikai da ƴan kabu-kabu sun ce a faɗa wa Sarki zancen man kwalba, wato esans ɗin da ake sayarwa a kwalabe. Ba mu neman a hana kowa neman abincinsa. Amma kwalbar da ake kira lita sau da yawa ba lita ba ce. Akwai mai santilita 90, akwai mai 75, siffarsu kusan ɗaya. Ɗan kabu-kabun da ke shan kwalba 3 a yini ta mai 90, a wata ya biya kuɗin lita 9 da ba ta shiga tankinsa ba. Abin da ya fi wannan muni shi ne sirki da kananzir. Babur ya ƙi tashi da safe, buji ya yi baƙi, inji ya riƙa ƙwanƙwasa yana zafi, kafin wata kaɗan sai an buɗe shi an sauya fistin da zobba. A ɗiga man a kan farar takarda: esans tsantsa yakan bushe nan take bai bar komai ba, mai kananzir kuma ya bar tabon maiƙo. In akwai ruwa, a bar kwalbar ta zauna, za a gan shi ya kwanta a ƙasa. Akwai kuma masu tara baƙin man da aka juye daga motoci, su tace shi, su ɗura a galan ɗin sabo su liƙe murfi. Wannan shi ke cinye injin mutum gaba ɗaya.

Saboda yawan ɗaukewar wuta, gidaje da dama sun koma sola, mutum ya tara kuɗi shekara guda ya saya, kuma a nan ana yi wa jama'a ɓarna mai yawa. Ana ɓare takardar bayan farantin sola mai wat 100 a manna ta 200. Girman faranti ba ya ƙarya: murabba'in mita ɗaya ba ya wuce wajen wat 200 a faranti masu kyau, to wanda girmansa kusan rabin haka ne ta yaya zai ba da 200? Da tsakar rana faranti mai wat 100 na tsarin bolt 12 yana nuna amfiya 5 zuwa 6 a na'urar gwaji, gwajin minti biyu ne. Batir mai darma a ciki kuwa nauyinsa ne shaidarsa. Mai amfiya 100 yana kusan kilo 30. In yaro ya ɗaga shi da hannu ɗaya, rubutun jikinsa ƙarya ne. Wasu tsofaffi ne aka wanke, aka sauya ruwa, aka caja. Su riƙe wuta mako biyu su mutu, mai shago ya ce mai haɗawa ne ya lalata, mai haɗawa ya ce batir ne, mai gida ya rasa wanda zai kama tunda ba a ba shi rasit ba. A salula ma ana sauya wa tsohuwa gida a sa ta a kwali. A danna *#06# a gwada lambar da ta fito da ta jikin kwalin. In sun saɓa, ba kwalinta ba ne.

Masu rumfunan aika kuɗi su ne ke ganin hawayen mutane. Dabarar da ta fi yawa ita ce a turo saƙo mai kama da na shigar kuɗi, sannan a kira da muryar kuka a ce an yi kuskuren lamba, kuɗin maganin mara lafiya ne, a taimaka a maido. Saƙon daga lambar mutum yake fitowa, ba daga sunan kamfani ba, kuma in aka duba asusu ba abin da ya ƙaru. Wata dabarar, a ce kai ne ka ci kyauta, ko za a rufe layinka, ka faɗi lambar sirri ko lambar da aka turo maka yanzu. Babu ma'aikacin gaskiya da ke tambayar lambar sirri. Akwai masu bin unguwanni da littafi suna karɓar jika guda ko biyu wai kuɗin rajistar tallafi, akwai masu cewa za su sama wa yaro aiki a matatar mai in an ba da na goro, akwai adashen intanet da ake cewa ka zuba jika 10 ka kwashi 20 a mako. Na farko-farko ana biyansu da kuɗin na baya, su jawo dangi da maƙwabta, ranar da zubi ya yi kauri a rufe. Tsofaffi da matan da ba su karanta Faransanci su ne aka fi nufa, kuma da yawa kunya ke hana su faɗa ko a gida.

Sai abin da ya shafi rai. Masu lasifika suna yawo da magani ɗaya wai yana kashe basir, shawara, ciwon sukari da rashin haihuwa. Ana sayar da ƙwayoyi a faranti cikin rana, an goge ranar lalacewarsu. Mai hawan jini ya bar maganin likita ya kama wannan, sai an kwaso shi. Gab da damina kuma ga takin da aka sirka da yashi, alhali yuriya ta gaskiya in aka zuba ta a ruwa narkewa take yi duka, ruwan ya yi sanyi, ba ta barin laka. Ga hatsin kasuwa da aka shafa wa jan launi a ce ingantaccen iri ne. Manomin da aka yi wa haka damina guda ya rasa, ba kuɗi kaɗai ba. Gab da Layya kuma a ɗura wa rago kanwa da gishiri ya sha ruwa ya kumbura, washegari ya saɓe.

Mun san akwai doka. Ƙasarmu ta yi dokar kare masu saye a 2015, ta yi ta yaƙi da laifukan intanet a 2019, akwai kuma hukumar ANMC mai kula da ma'aunai da ingancin kaya. Amma matar da aka tauye wa rabin tiya ba za ta bar girki ta tafi komisariya ba, kuɗin kabu-kabun ma ya fi abin da aka ci mata. Mazambaci ya san haka, shi ya sa yake ci kaɗan-kaɗan a hannun mutane da yawa. Fada ce kaɗai ke da ido a kowace unguwa da kowace rumfa, kuma tun zamanin Sarki Tanimun da ayari ke sauka a Zango, amana ce ta riƙe kasuwar garin nan.

Don haka babban roƙonmu, ranka ya daɗe, shi ne a fitar da tiyar Sarki. A zauna da Sarkin Kasuwa, dattawan ma'auna, ma'aikatar birni da jami'an ma'aunai, a tsaida girma ɗaya, a faɗi ko da tsororuwa ake awo ko a shafe, a sa maƙera su ƙera, a buga wa kowace hatimi da lamba a gefe da kuma a gindi, don in an daki gindin hatimin ya nuna. Da ita za a saya, da ita za a sayar. A ba da wa'adin wata biyu, kuma kada kuɗinta ya fi ƙarfin ƙaramin ma'auni. Bayan wa'adin, duk tiyar da ba ta da hatimi a karɓe ta.

Tare da haka a kafa rumfa guda a bakin Kasuwar Dole, daga baya a kai sauran kasuwanni da tashoshi, a ajiye tiyar Sarki, sikelin da ke ɗaukar buhu, gwangwanin lita, da na'urar gwada batir da faranti. Kowa ya zo ya gwada abin da ya saya kyauta. A zaunar da wakilin fada da dogari da mai rubutu, a karɓi koke a take, da mace guda a cikinsu don mata su saki jiki. Mu masu sana'a mun ɗauki alkawarin ba da mutum ɗaya kowace rana bi da bi, kuma makanikai da masu sola sun yarda su kawo kayan gwajin daga aljihunsu.

Wanda aka kama karo na farko ya maida hakki a ja masa kunne a gaban shugaban sana'arsa. In ya sake, a hana shi rumfa na ɗan lokaci. Na uku, da duk abin da ya shafi magani, jabun kaya ko damfarar waya, a miƙa wa hukuma. Muna kuma roƙon Sarki ya yi kashedi da babbar murya kada matasa su ɗauki doka a hannunsu, don mun ga yadda ihun ɓarawo ke jawo a daki wanda bai ji ba bai gani ba.

Muna roƙon a umarci masu sayar da batir, faranti, salula da injin ban ruwa su riƙa ba da rasit mai sunan shago da lambar kaya, da sharaɗin maidowa cikin mako guda in kayan bai kai abin da aka rubuta ba. Dillalan dabbobi su faɗi la'adarsu a gaban mai saye da mai sayarwa. Masu unguwanni su tambayi duk baƙon da ya shigo da littafin rajista takardar izininsa kafin ya karɓi ko dala. Limamai a huɗubar Juma'a, masu shela, da gidajen rediyon gari su riƙa maimaita wa jama'a da Hausa, Barbarci, Fulatanci da Buzanci cewa ba a faɗin lambar sirri, ba a maida kuɗi sai an duba asusu.

In Sarki ya ba mu izini, a shirye muke mu zo fada da tiyoyi uku da aka saya a kasuwa ɗaya, da kwalabe, da batir, a gwada a gaban majalisa. Sunayenmu, sana'o'inmu, unguwanninmu da sa hannu ko dangwalen kowa suna cikin takardun da ke haɗe da wannan. Mun aika kwafi ga Gwamnan jihar Damagaram da shugabannin birnin Zinder.

Allah ya taimaki Sarki, ya ja zamaninsa.

Daga talakawanka, masu sana'a da masu awo na birnin Damagaram.