Zuwa ga 'yata, game da tambayoyin angona

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya ke da maigidanki da yaran.

Maganar da kika yi mini a waya ranar Juma'a ce ta tsaya mini a rai. Kin ce angona ya ishe ki da "me ya sa, me ya sa", har kin koma miƙa masa waya don ki samu sararin girki. Ban ga laifinki ba, ke ma haka kika yi mini. Amma yaro ɗan shekara 5 mai tambaya ba a toshe masa baki, madafa ake shiga da shi.

Fara da zoborodo. Ki jiƙa shi ba sukari, ki tace, ki raba a kofi uku na roba. Na farko ki bar shi yadda yake. Na biyu ki matsa masa lemon tsami, jan zai ƙara haske. Na uku ki ɗiga ruwan kanwa, ki tsaya ki kalli fuskar yaron, don a gabansa ja zai rikiɗe ya yi duhu, ya koma kore-kore. Launin da ke cikin zoborodo yana sauyawa ne gwargwadon tsamin ruwan, kanwa kuwa kashe tsami take yi, dalilin da muke jefa ta a miyar yakuwa ke nan. In ya ƙara lemon tsami a kofi na ukun, ja zai dawo, wani lokaci har da 'yar kumfa. Wannan kofin dai na kallo ne, kada ya sha.

Ga abin da na fi so ki riƙe: kafin ki ɗiga komai, ki tambaye shi, "Me kake gani zai faru?" Ki bar shi ya yi kuskure. Kada ki yi saurin ba shi amsa, halinki na sani, ba ki da haƙurin jira.

Sai ƙwai. A ruwan zalla nutsewa yake, in kin narka gishiri kamar cokali huɗu a kofin sai ya taso, saboda ruwan gishiri ya fi nauyi. Amma ki tabbata sabo ne. Lokacin da nake koyarwa a firamare na taɓa zuwa aji da tsohon ƙwai, ban ko buɗe ƙullin gishirin ba ya taso yana lilo. Wata yarinya ta ce, "Malama, ai baragurbi ne, haka masu ƙwan zabi ke gwadawa a kasuwa." Ajin ya fashe da dariya, ni ma na taya su, ranar ita ta koyar da darasin.

Da hunturu ya shigo, ki goga balan-balan a sumarsa, ki kusantar da shi ga gutsattsarin takarda, za su yi tsalle su manne. Da damina ba ya yi sosai, iskar ta cika laima.

In ya tambayi abin da ke sanyaya ruwan randa, ki jiƙa masa bayan hannu ki hura. Ruwan da ke bushewa da zafi yake tafiya. Da wannan ɗan ilimin Muhammad Bah Abba, malami a Jigawa, ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya ci kyautar ƙirƙira ta kamfanin agogon Rolex a 2000.

Ban da ashana, ban da kananzir, ban da kwalba mai fashewa. Kuma ƙaramar ta kasance a bayanki, kin san komai baki take kaiwa.

Na ba ƙaninki zoborodo da kanwa ungurnu ya kawo miki. Ki gaida mini angona, ki ce ina jiran labarin kofi na uku daga bakinsa.

Mahaifiyarki.