Ya sake ni, ya kuma riƙe katin asibitin ɗansa

Assalamu alaikum Anti, Allah ya ƙara basira. Don Allah a sakaya sunana, dangin tsohon mijina ba sa barin shirin nan ya wuce su.

Anti, ɗana ne ba lafiya, sikila gare shi. Yanzu haka muna kwance a asibiti, an ƙara masa jini leda biyu, ƙafarsa ko zani ya taɓa ta sai ya ƙwala ihu. Na yi ta kiran ubansa ya ƙi ɗauka, sai can cikin dare ya turo saƙo wai ai jinina ne. Jinina! Alhali a gabansa likita ya ce ba a haifar mai SS sai uwa da uba duk suna ɗauke da S ɗin. A 2015 muka yi aure, lokacin ba wanda ya tilasta gwaji. Dokar gwaji kafin aure a nan Kano sai 2024 aka sa mata hannu. To laifin wa?

Soja ne, saje. Zaman da na yi da shi a bariki kowa ya shaide ni, magajiyar bariki na nan da ranta, a tambaye ta. Wata da watanni yana daji ina riƙe da gida da kuɗin zoɓo da awara, ban taɓa kai ƙararsa ko wajen uwarsa ba. Sakayyar da na samu takarda ce, ita ma ƙaninsa ya ba ya kawo mini. Ba kuɗinsa nake kwaɗayi ba, Allah ya sani.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne katin. Sojoji suna da inshorar lafiya ta DHML, tana ɗaukar mutum da matarsa da 'ya'ya 4 da ba su kai shekara 18 ba. Da muna tare, da inshorar muke ganin likita. An ce ya cire sunana ya sa na amarya, wannan bai dame ni ba, aure ya ƙare. Amma yaron fa? Sakin uwa yana cire ɗa daga ubansa ne? Na aika a karɓo katin, amaryar ta ce ba ta san inda yake ba, ta rufe ƙofa. Folik asid, Paludrine, kuɗin gado, duk ni ce. Har 'yan kunnen da mahaifiyata ta ba ni na sayar.

Na manta ban ce ba, na je Hisba. Sun yi ƙoƙarinsu, suka same shi a waya, ya yi ta rantsuwa, ya turo N20,000. Daga nan shiru, wai an mai da shi Borno ba sabis. Amma hotunan amarya yana sa su a WhatsApp.

Yayana ya ce in tafi kotun Musulunci, tunda ci da sha da maganin ɗa wajibin uba ne. Wata maƙwabciyata matar soja ta ce sammaci ba zai same shi a daji ba, gara in rubuta wa kwamandansa. Shin kwamanda na iya sa a riƙa cire kuɗin daga albashinsa? Inna kuma kullum haƙuri, kada a ce na tozarta uban ɗana.

Shi kuwa ya riga ya aiko cewa ranar da na kai shi ƙara zai ƙwace yaron ya kai wa uwarsa ƙauye, inda ko ɗakin shan magani babu. Kuma Anti, akwai wanda ya fito yana nemana, mutumin kirki, shi ya biya kuɗin jinin nan. An ce mini in mace ta yi aure riƙon ɗa ya fita daga hannunta. Da gaske ne, ko da yaron mai lalura ne? In haka ne, wa za a ba, mahaifiyata ko tasa?

Taki,
Wata uwa daga Kano