Gyara kan batun ɗura iskar kabon a cikin keg

Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina so a ba ni fili in yi gyara kan bayanin da kuka buga game da ɗura iskar kabon (wadda ke sa lemon kwalba kumfa) a cikin giya ko lemon da aka haɗa a gida. Marubucin ya ce a kai matsi psi 30 (psi ma'aunin matsin iska ne), shi ke nan. Bai faɗi sanyin abin shan ba, alhali nan gizo ke saƙar.

Ruwa mai sanyi ya fi mai ɗumi shan iska nesa ba kusa ba. A digiri 3 na Selsiyos, psi 12 ya isa ya ba giya iskar da ake so, wato kusan ninki biyu da rabi na yawan giyar. A digiri 20 kuwa sai an kai wajen psi 28 kafin a samu haka. Lemo da ruwan soda sun fi son iska, ninki uku da rabi zuwa huɗu. Saboda haka keg ɗin, wato tulun ƙarfen da ake zuba abin shan a ciki, wanda galibi lita 19 yake ci, ya fara kwana a firji tukuna.

Da an cika shi an rufe, a kori iskar da ke sama: a sa gas, a ja zoben bawul ɗin murfi ya huce, sau huɗu ko biyar. Iskar da muke shaƙa ita ke saurin ɓata ɗanɗano. Sai a shafa ruwan sabulu a bakin murfi da duk mahaɗar tiyo. Inda ƙananan kumfa suka taso, nan yake zuba, kuma yawanci zoben roba ne ya bushe ko ya tsage. Ɗan yoyon da kunne ba ya ji yana iya ƙarar da silindar gas a dare ɗaya.

Hanyar da ta fi tabbas ita ce a bar shi a psi 12 cikin sanyi, kwana 10 zuwa 14. Mai gaggawa yana iya kaiwa psi 30 na awa 24 zuwa 36, sannan ya rufe gas, ya huce matsin, ya dawo 12. Wanda ya manta har aka kwana uku, kumfa zalla zai tsiyaya. Maganinta a cire tiyon gas, a riƙa jan bawul duk bayan 'yan awoyi har ya lafa. Akwai kuma masu kwantar da keg suna mirgina shi a ƙasa da gas a jone. Yana yi, amma ni ban ba da shawararsa ba: ba ka sanin inda ka tsaya, kuma idan babu bawul mai hana komawa baya, ruwa zai bi tiyo ya shige regileta, wato na'urar daidaita matsi da ke kan silinda, ya lalata ta.

Wata kumfar ma ba laifin ɗuri ba ce, gajartar tiyon fita ce. Mai faɗin milimita 5 daga ciki yana bukatar tsawon kusan mita 3, shi ma ya zauna cikin sanyi, a kuma buɗe famfo gaba ɗaya. Buɗewa rabi-rabi na ƙara kumfa.

Silinda kuma a tsaye ake ajiye ta, a ɗaure, domin iskar da ke ciki ruwa ce, a matsin da ya haura psi 800 a zafin ɗaki. Agogon babban matsi ba ya nuna abin da ya rage. Allurarsa ba ta faɗuwa sosai sai ruwan ya ƙare, don haka a ɗora silindar a sikeli. A sayi gas irin na abinci. Masu sa keg a firiza mai buɗewa ta sama su kula, iskar kabon ta fi ta numfashi nauyi, tana taruwa a ƙasa. Kada a zura kai ciki sai an bar murfin a buɗe na ɗan lokaci.

Na gode.

Naku,
Mai karatunku a kullum