Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Ministan Kuɗi: rangwamen gidan farko bai iso Arewa ba

Zuwa ga Mai girma Ministan Kuɗi na Kamaru, Louis Paul Motaze, Yawunde.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne daga Garwa a kan sassaucin harajin da gwamnati ta yi wa mai sayen gidansa na farko. Har zuwa 2025, dokar haraji ta yafe TVA, wato harajin da ake ɗorawa a kan kayan da aka saya, a kan cinikin gida mai rahusa idan shi ne gidan zaman mutum na farko, ta kuma yafe shi a kan kuɗin ruwan bashin da aka ci don sayensa. Harajin da ya kai kashi 19.25 cikin ɗari ba ƙaramin abu ba ne, don haka mun yaba. Sai dai rigar an ɗinka ta ne daidai jikin ma'aikacin Duwala da Yawunde, mu nan ba ta shige mu ba.

Kafin mutum ya ci moriyar wannan rangwame, sai an sami ginannen gida na sayarwa, sai kuma bankin da zai ba shi bashi. Gidajen suna ina? Shirin gidaje 10,000 da aka ƙaddamar a 2009 ya fi ƙarfi ne a Olembe ta Yawunde da Mbanga-Bakoko ta Duwala. Shirin gaggawa na 2014 ya ware wa kowane babban birnin yanki, ban da Yawunde da Duwala, gida 100. Gida 100 a Garwa, gida 100 a Marwa, gida 100 a Ngaundare. Masu haya na unguwar Yelwa ta nan Garwa kaɗai sun isa su cinye su, ba a ma leƙa Rumde Ajiya ba.

Ɗan Arewa ba sayen gida yake ba, ginawa yake, kuma a hankali. Bana ya sayi fili a bakin gari, baɗi ya kwashi adashi ya buga bulo, wata shekarar ya sayar da sa ko buhunan albasa ya ɗora kwano a ɗaki biyu, ya kwaso iyali su tare, sauran a ƙarasa suna ciki. Duk buhun simintin da ya saya, duk bandir ɗin kwano, duk rodi, da cikakken TVA ya biya su, har simintin da ake yi a nan Figil, kan hanyarmu ta zuwa Marwa. To wanda ya shiga ofis ya sa hannu ya karɓi mabuɗi an yafe masa, wanda ya gina nasa da guminsa ba a rage masa ko dala ba. Alhali dukansu gidan farko ne.

Babban ƙulli kuwa shi ne takardar fili. Tun dokar 6 ga Yuli 1974, titir fonsiye, wato takardar fili ta gwamnati, ita ce kaɗai shaidar mallaka a idon hukuma, kuma cinikin fili sai a gaban noter, jami'in da ke tabbatar da yarjejeniya a hukumance. Amma yawancin filayenmu da takardar jauro ko lawan aka saye su, da shaidu biyu ko uku da addu'a. Wannan takarda tana da daraja a unguwa da fadar lamido, a banki kuwa ba a ko duba ta. Wanda ya ce zai nemi titir zai biya mai awon fili, ya ɗauki nauyin zuwan kwamitin da sufurefe, wakilin gwamnati a gunduma, ke jagoranta, ya bi fayil daga tebur zuwa tebur. Idan filin ba a raya shi kafin 5 ga Agusta 1974 ba, hanyar ma ta fi tsawo, sai ya fara da izinin wucin gadi. Mutane da yawa a nan suke haƙura. Ba titir, ba jingina. Ba jingina, ba bashi. Ba bashi, rangwamenku ya wuce su. Malamin makaranta a Gidar ana cire masa kashi 1 cikin ɗari na albashinsa kowane wata don Crédit Foncier, hukumar ba da bashin gida wadda aka kafa tun 1977, sai ya yi ritaya bai taɓa cika sharaɗin cin bashinta ba.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a ofis ba: da yawanmu ko an buɗe mana ƙofar bashin ba za mu shiga ba, saboda riba haramun ce a addininmu. Yafe haraji a kan kuɗin ruwa bai amfani wanda ba zai taɓa kuɗin ruwan ba. Tun 2022 CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen Afirka ta Tsakiya, ta fitar da ƙa'idar bankin Musulunci. A murabaha banki ne ke sayen gidan sannan ya sayar wa mutum, wato ciniki biyu ke nan. A rubuta ƙarara cikin doka cewa kuɗin rajista sau ɗaya za a biya, kuma ribar bankin ta sami sassaucin da kuɗin ruwa ya samu.

Roƙona a kasafin kuɗi mai zuwa shi ne a faɗaɗa ma'anar gidan farko ta haɗa da wanda mutum ya gina da kansa. A yafe kuɗaɗen hukuma na titir ɗin farko a kan filin zama madaidaici. A mayar wa mai gini TVA ɗin siminti da kwano da rodi idan ya kawo rasit, a sa iyakar abin da zai ishi ɗaki uku. Na san za a ce 'yan kasuwa za su yi wa tsarin kutse, kuma gaskiya ne za su gwada. Amma ai kowane mai biyan haraji yana da lambarsa ta shaida, wato NIU: mutum ɗaya, fili ɗaya, sau ɗaya a rayuwa.

Idan ba za a iya yi wa ƙasa duka a lokaci guda ba, a fara da Yagwa da Kusiri da ƙauyukan bakin Logon, inda ambaliyar 2024 ta narkar da gidajen ƙasa. Mutanen can suna sake gini yanzu, kuma tsadar siminti ce za ta mayar da su ga tubalin da ruwa ya riga ya cinye.

Allah ya ja zamanin Minista.

Wani mai biyan haraji,
Garwa, yankin Arewa.