Takardar koke zuwa ga Mai Girma Hakimi kan makarantar firamare ta garinmu

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ban girma da biyayya, ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara wa Mai Martaba Sarki lafiya da nasara. Mu talakawanka ne, iyayen yara da dattawan gari, muka taru a ƙofar gidan dagaci muka yi shawarar kawo kukanmu gabanka, da izininsa.

Ranka ya daɗe, ranar Talatar da ta wuce iska ta taso da hantsi, ta yaye kwanon ajin 'yan aji biyu, katako ya faɗo kan yara suna zaune a ƙasa. Yarinya ɗaya ta karye a hannu, wani yaro sai da aka ɗinke masa kai. Lokacin babu malami a ajin, domin malami ɗaya ke riƙe da aji uku, yana can wani ajin. Mai tallan awara ce ta janyo yaran. Mu muka haɗa kuɗin magani, kuma har yau ba wanda ya zo daga ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ko da jaje. Wannan kwanon mun sha faɗa cewa ƙusoshinsa sun saki.

Allah ya ba ka nasara, cikinmu akwai waɗanda suka yi elementare zamanin En'e, kuma ba su manta ba. Lokacin hakimi ke aiko wa dagaci adadin yaran da za a bayar, iyaye na ɓoye 'ya'yansu a rumbu, dogari na zaƙulo su. Amma hukumar da ta kamo yaron ita ke ɗaukar nauyinsa. Daga Baitulmali albashin malami ke fitowa, cikin haraji da jangalin da iyayenmu suka biya. Alli da littafi da benci ba a tambayar uba. Mai duba makarantu yakan sauka ba sanarwa, ya kirga yara, ya buɗe rajista, malamin da bai zo ba ya san sauran. Ba mu ce zamanin ba shi da aibi ba, makarantun 'yan kaɗan ne, 'ya'ya mata kuwa sai ɗai-ɗai, bulala kuma ba a magana. Duk da haka wanda ya gama aji huɗu yana rubuta wasiƙa ya karanta wa gari.

A 1976 aka kawo shirin UPE na ilimin firamare kyauta, aka buɗe kwalejojin horon malamai da yawa, samarinmu suka tafi suka dawo da takardar shaidar malanta ta giredi tu. Ajujuwan da muke magana a kansu ginin wancan lokacin ne. Malaman kuwa duk sun yi ritaya, wasu sun riga mu gidan gaskiya, wasu na bin layin fansho. In an yi ritaya ba a maye gurbi. Wanda aka turo daga birni, wata biyu ya nemi canjin wuri, ba ma ganin laifinsa sosai, tunda ba gidan malamai.

An gaya mana dokar ilimin bai-ɗaya ta UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ilimin matakin farko, jiha ta zuba nata kason ta karɓo. An ce dokar ta tanadi hukunci ga uban da ya ƙi kai ɗansa makaranta. To ranka ya daɗe, mun kai. Yau ba dogari, da ƙafarmu muke rako su, har da mata. Wane hukunci aka tanada wa wanda ya bar su ba malami ba rufi?

Mun rubuta, mun sake rubutawa, mun je ofis an ce a dawo, an zo an auna gini an ɗauki hoto, 'yan siyasa sun yi alkawari a filin makarantar nan. Mu ke biyan malaman sa-kai biyu daga aljihunmu, in kaka ta yi kyau.

Muna roƙo, Allah ya ja zamaninka, ka tako da kanka ka ga ajin kafin a kwashe katakon. A gyara rufin kafin damina ta kankama, a duba sauran ajujuwan. A turo mana malamai, kuma akwai 'ya'yanmu masu takardar shaidar malanta ta NCE da ke zaune a gari ba aiki, su ba za su nemi canjin wuri ba. A biya iyayen yaran nan kuɗin magani. A bincika sunayen da ke karɓar albashi da sunan makarantarmu, don hedimasta kaɗai da malamai biyu muke gani. Rufin dai, ranka ya daɗe, rufin. In abin ya fi ƙarfin ofishinka, muna roƙon ka isar da shi gaban Mai Martaba. Kafin nan iyaye da yawa sun ce 'ya'yansu ba za su koma ƙarƙashin ragowar kwanon ba, mu kuwa ba mu da bakin hana su.

Allah ya ƙara maka imani da nasara.

Talakawanka masu biyayya,
Iyayen yara da dattawan gari