Barka da Sallah daga Madina

Assalamu alaikum Baba da Inna, da Yaya, da duk mutanen gida.

Barkanmu da Sallah, Allah ya maimaita mana. Mun sauko daga Idi a Masallacin Annabi (SAW) tun hantsi bai yi ba, ku kuwa na san yanzu ake wa yara wanka a Bolari, rago na ɗaure a gindin darbejiya. A nan kuɗi na biya aka yanka mini, ban ga ragon ba, ban ji ƙaurin babbaka ba. Abin da daɗi ne a ce mutum yana garin Manzo, amma kewa ba ta bar ni ba.

Baba, Yaya ya faɗa mini maganar gonar hanyar Dukku, yadda mutumin nan ya ci mana iyaka ya shuka masararsa a kai. Ranar ban runtsa ba. Shi ya sa nake so in ba ku labarin abin da na gani.

Watan jiya maigidana ya aike ni kai kaya Al-Ula, na samu na leƙa Hijir, wurin da ake kira Mada'in Salihu. Jajayen duwatsu ne tsaye a cikin yashi, an sassaƙa ƙofofi a jikinsu, har yau ana ganin sawun ƙarfen da aka yi aikin da shi. Ga shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. A shekara ta 9 bayan hijira Annabi (SAW) ya bi ta nan zai je Tabuka, ya hana sahabbai shiga sai suna kuka, ya sa aka zubar da ruwan da suka ɗiba, ƙullun da aka kwaɓa da shi aka ba raƙuma. Tsigar jikina ta tashi da na tuna.

Da na dawo na buɗe Suratush Shu'ara, sai na lura da abin da ban taɓa kula da shi ba tun ina makarantar allo. Rabo aka yi wa Samudawa, mutanen Annabi Salihu da suka zauna a Hijir: taguwa ta sha ruwa ranarta, su su sha ranarsu. Ba a hana su nasu ba, na wani suka kasa ƙyalewa. Suratun Namli ta ce mutum tara ne 'yan ɓarna a garin. Suka soke taguwar, aka ba su kwana 3, tsawa ta gama da su, Allah ya tserar da Annabi Salihu da waɗanda suka yi imani. Kuma hadisi ya tabbata cewa wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci, za a rataya masa shi a wuya har ƙasa bakwai. Wallahi da na karanta sai na ji tausayin maƙwabcin namu ya fi fushina yawa.

Wannan rana kuma ta Annabi Ibrahim ce, wanda aka fanshi ɗansa da rago. A ƙissar, cikin Suratus Saffat, sau biyu Allah ya ce haka yake saka wa masu kyautatawa. Ni kai nake tunawa, Baba. Ban taɓa ganin almajiri ya bar ƙofarmu da kwano wayam ba, ko shekarar da fari ya cinye mana dawa.

Yaya, don girman Allah kada ka bari samari su je su tuge masa shuka. Ku kai wa mai unguwa, a kira dattawan da suka san iyakar, in ta ƙi a tafi kotu. Na turo kuɗin zirga-zirga ta hannunka. Kuma in an raba naman layya, a kai gidansa kamar yadda aka saba, 'ya'yansa ba su yi mana komai ba.

Inna, a soya mini nawa a ajiye, akwai alhajin da zai dawo nan bayan wata biyu. A gaishe da Goggo da jiki, a ce wa Auta goron Sallarsa na cikin saƙon.

Ɗanku.