Wasiƙa daga Kwarin Douro

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Yaya Inna da ƙafa? Allah ya ƙara sauƙi.

Saƙonka ya iso, har da tsokanar da ka soka a ƙarshe, wai tunda binciken ƙasa ya jefa ni gonakin masu giya a Fotugal, to sai addu'a. Kwantar da hankalinka, Malam. Ko ɗigo bai taɓa harshena ba, mutanen nan ma sun saba, in aka zuba sai a miƙo mini ruwa. Amma manomi ba ya zama a gona ya ƙi tambaya, shi ya sa nake da amsar tambayarka kan giyar nan tasu mai suna port, musamman wadda ake kira Vintage.

Giyar port sunan birnin Porto ta ara, amma ba a can ake noman inabinta ba. Sai ka bi kogin Douro ka yi gabas kamar kilomita 100, ka tarar da tsaunuka an sassare su hawa-hawa, kowane hawa da katangar dutse da aka jera da hannu. Ƙasar kusan duk marmarin dutse ce, saiwa ke bin tsaga tana nutsawa neman laima. Da rani zafi kan haura digiri 40. Su da kansu suna cewa wata tara na sanyi, wata uku na wuta. Tun 1756 Marquês de Pombal, babban ministan Fotugal na lokacin, ya shata iyakar yankin, wasu duwatsun alamar suna nan tsaye har yau.

A watan Satumba ake tsinka. Gidajen da suka riƙe gargajiya sukan zuba inabin a wani kwarami na dutse mai suna lagar, ma'aikata su jeru kafaɗa da kafaɗa suna takawa da ƙafa. Kada ka yi dariya, akwai dalili: tafin ƙafa yana murje ɓawon ba tare da ya fasa ƙwayar ciki mai ɗaci ba. Sauri suke yi, don kwana biyu zuwa uku kawai ruwan zai tsima. Kafin yisti ya cinye sukarin, sai a kwara masa barasar inabi mai ƙarfin kashi 77 cikin 100, kamar lita 115 a kan lita 435, a cika ganga mai lita 550. Nan take tsimar ta tsaya, zaƙi ya saura, ƙarfin ya zauna wajen kashi 20.

Duk port haka ake fara ta. Wadda ka tambaya, mai rubutun Vintage a kwalba, ta kaka guda ce tak, kuma ita ce ta ɗaure mini kai. Ba kowace shekara ake yin ta ba. Manyan gidaje irin su Taylor's, Graham's, Dow's da Fonseca sukan bar giyar a ganga, su yi ta dubawa, sai a bazara ta biyu su yanke ko shekarar ta isa a sa mata sunan gida. A al'ada kamar sau uku cikin shekara goma ake samun haka, kuma sai IVDP, hukumar da ke kula da giyar Douro da port, ta ɗanɗana ta amince. In ka ji dattawansu suna ambaton 1963, 1977, 1994 ko 2011, za ka rantse sunayen 'ya'yansu suke kira. Ni dai ina ganin wannan haƙuri shi ne jarinsu. Ɗan kasuwa ya ga kuɗi a shekara mai dama-dama, ya kau da kai don kada sunan gidansa ya zube, ba ƙaramin abu ba ne.

Bayan kamar shekara biyu sai a ɗura ta a kwalba ba tacewa, a kwantar. Tana sabuwa launinta baƙi-baƙi ne, ƙamshin 'ya'yan itace ɗanye yana dukan hanci, masu ɗanɗanawa kuma sun ce tana da bauri mai kama baki irin na ɗanyen goro. Wannan baurin, da sukari da barasa, su ne ke riƙe ta. Shekara ashirin, talatin, wasu har hamsin, baurin yana ladabtuwa, laka tana kwanciya a kwalba, launi yana komawa ja mai sirkin ƙasa. An buɗe wata tsohuwa a gabana, abin da hancina ya jiyo shi ne busasshen ɓaure, zabibi, kanumfari da ganyen taba. Toshiyar ta tsufa, don haka da awartaki mai zafi aka kama wuyan kwalbar, aka shafa jiƙaƙƙen ƙyalle, wuyan ya cire ɗas. Sai aka tsiyaye ta a hankali aka bar lakar. Abin da ya jira shekara talatin kuma, in an buɗe, kwana biyu ko uku ya lalace.

Turawan Ingila, da suka zama manyan masu saye tun yarjejeniyar ciniki ta Methuen da ƙasarsu ta ƙulla da Fotugal a 1703, har sukan saya wa jariri ta shekarar haihuwarsa, a ajiye sai ya cika 21.

Ga wanda zai fi jan hankalinka. Tun ƙwaron saiwa da ya cinye gonakin nan a ƙarni na 19, kusan kowace kuranga aure ake yi mata da saiwar inabin Amurka. Amma a gonar Quinta do Noval akwai ɗan fili mai suna Nacional da ke tsaye a kan saiwarsa ta asali, kuma giyarsa ta 1931 tana cikin mafi daraja a duniya. Shi nake neman izinin ɗibar ƙasarsa in auna. In an ba ni, zan turo maka sakamakon ka duba mini da idonka na tsohon ɗan Samaru.

Ka rubuto mini yadda damina take, da farashin taki bana. A gaida mutanen gida duka.

Wassalam,
Naka, amininka.